Gogen Turawa: rayuwar mai tsara kiɗa da ƙasarsa suna fitowa a cikin sautin kuwa?

Habibu, Garwa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambayata a kan kiɗan gogen Turawa ce, wato biyolin, irin wanda mutum ɗaya yake tsarawa ya rubuta a takarda, sannan wasu makaɗa su zo su karanta su kaɗa ko da bayan rasuwarsa da shekaru ɗari biyu. Kusan duk inda aka sa irin wannan kiɗa a intanet sai in tarar da bayani iri ɗaya a ƙarƙashinsa. Idan na Sibelius ne, sai a ce ga sanyin ƙasar Finlan da duhun dazuzzukanta; idan na Tchaikovsky ne, sai a ce baƙin cikin Rashawa ne; idan kuwa na Vivaldi ne, sai a ce fara'ar mutanen Italiya ce. Haka kuma ana yawan jingina kowane kiɗa da wani abu da ya sami mai shi, ko rasuwar mata, ko mutuwar aure, ko tsoron hukuma.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mu a wajenmu waƙa ce take ɗauke da labari. Idan mai goge ko mai kukuma ya ja izga, baitin da ya biyo baya shi ne yake gaya maka wa ake yabo, wa ake yi wa zambo, kuma a wane gari ake. To, kiɗan da babu magana a cikinsa, ta wace ƙofa rayuwar mutum ko al'adar ƙasarsa za ta shiga? Anya ba masu sharhi ba ne suke karanta tarihin mutumin tukuna, sannan su dawo su ce sun ji shi a cikin sautin? Ina roƙon wanda ya san tarihin abin ya yi mini bayani da misalai ƙwarara, domin ni dai zancen sanyi da dazuzzuka bai gamsar da ni ba. Na gode.

Malam Isiyaku, Ngaundare

Wa'alaikumus salam, ɗana Habibu. Shakkarka tana da tushe, kuma ni ma zancen dazuzzukan nan ban cika ɗaukarsa da nauyi ba. Amma ƙofar da kake nema tana nan. Kafin ka tambayi abin da yake damun zuciyar mai tsara kiɗa, fara tambayar wanda yake ciyar da shi, da wanda zai riƙe gogen, da irin ɗakin da za a kaɗa.

Ɗauki Vivaldi, wanda aka haifa a birnin Benis a 1678. Limamin coci ne, amma ciwon ƙirji da ya ce yana fama da shi ya sa ya bar jagorantar ibada tun da wuri, kuma daga 1703 ya kama aikin koyar da goge a Pietà, wani gida da ake renon jariran da aka yar. 'Yan matan gidan da aka ga suna da kunne ana koya musu kiɗa, suna kaɗawa daga bene a bayan wani shinge yadda masu sauraro ba sa ganin fuskokinsu sosai, baƙi kuwa suna zuwa daga ƙasashe don su ji, abin da suke bayarwa yana rufa wa gidan asiri. A 1723 masu kula da gidan suka yi yarjejeniya da shi cewa zai riƙa kawo musu konceto biyu kowane wata. Konceto shi ne kiɗan da makaɗi ɗaya yake gaba, sauran ƙungiya suna amsa masa. Wanda aka ɗora wa irin wannan ƙa'ida dole ya samo tsarin da zai riƙa komawa gare shi, shi ya sa yawancin nasa kashi uku ne, mai sauri, mai tafiyar hawainiya, sannan mai sauri, da wani amshi da ƙungiya take maimaitawa duk lokacin da mai goge ya gama nasa zagayen. Ya bar konceto wajen 500, fiye da 200 daga ciki na goge ne. Abin da ake kira fara'ar Italiya, a ganina rabinsa wannan amshi ne da bukatar a burge baƙo. Sauran rabin yana hannun masassaƙan garin Kiremona, gidajen Amati da Stradivari da Guarneri, waɗanda suka kai sassaƙar gogen maƙura a wancan zamani, har ya zama kayan kiɗan da ya fi kusa da muryar mawaƙi a ƙasar da take ji da mawaƙanta.

Bach Bajamushe ya fi nuna abin a fili. A 1717 ya matsa wa ubangidansa na Weimar lamba a sallame shi, sai aka kulle shi kusan wata guda saboda taurin kai kafin a sake shi. Ya koma fadar Yarima Leopold a Köthen, inda mazhabar cocin fadar ba ta yarda da kiɗa mai yawan ado a wurin ibada ba, amma shi yariman mai son kiɗa ne kuma yana da ƙwararrun makaɗa a ƙarƙashinsa. Saboda haka mutumin da ya saba da aikin coci sai ya karkata ga kiɗan fada, kuma a nan ne a 1720 ya kammala rubuta ayyuka shida na goge shi kaɗai, ba rakiya. A cikinsu akwai Chaconne, wadda take ɗaukar kusan rubu'in awa. Gogen nan tsirkiya huɗu gare shi, jakin da yake ɗauke da su kuma a lanƙwashe yake, don haka izga ba ta iya zama a kan fiye da biyu lokaci guda. Bach kuwa ya rubuta sauti huɗu a haɗe tun daga farkon layi, sai ka ga makaɗi ya danna izgar a kan tsirkiyoyin ƙasa biyu, ya mirgina ta da sauri zuwa na sama biyu, kunnenka ya haɗa su ya ji kamar mutum uku ne ko huɗu suke kiɗa. A ƙarƙashin wannan duka akwai wani gajeren kari mai saukowa wanda ake ta maimaitawa daga farko har ƙarshe.

A cikin wannan shekara ta 1720 ce Bach ya bi yarima zuwa wurin wankan magani na Karlsbad, ya dawo ya tarar matarsa Maria Barbara ta rasu har an binne ta. Shi ya sa wasu suke cewa Chaconne makoki ce. Ban ce ƙarya suke yi ba, amma Bach bai bar takarda ko ɗaya da ta faɗi haka ba, kuma masana da yawa suna ganin ya fara waɗannan ayyuka tun kafin rasuwar. Abin da yake tabbas shi ne ita Chaconne asalinta rawa ce da ta shigo Sifen daga ƙasashen Amurka da Sifaniyawa suka mallaka, ta bi ta Italiya da Faransa kafin ta isa Jamus, kuma tun yana Weimar Bach ya zauna ya kwafi konceto na Vivaldi ya mayar da su na molon Turawa mai maɓallai don ya koyi tsarinsu. To, a gaya mini ina Jamusancin yake tsayawa, ina kuma aro yake farawa.

Mu da muke Adamawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Ranar sallah a ƙofar fadar Lamiɗo, sarautar ta Fulani ce, amma kakaki da algaita da yawancin kirarin da ake yi sun biyo hanyar ƙasar Hausa da Barno ne, kuma duk wanda ya ji zai ce maka kiɗan Ngaundare ne. Makaɗin fada yana kaɗa abin da fadar take bukata da abin da ya gada daga maigidansa na sana'a, kuma haka Turawan ƙarni na 18 suke.

Malama Rakiya, Marwa

Baba Malam, Allah ya ƙara sani. Na yarda da kai a kan Vivaldi da Bach, domin su barori ne na fada da coci, kuma a zamaninsu ba a tsammanin makaɗi ya kawo damuwarsa wurin aiki. Amma ina ganin ba za a auna ƙarni na 19 da na 20 da wannan mudu ba, saboda a lokacin fada ta ja baya, mai tsara kiɗa ya koma yana rubutawa da sunansa, ga jama'ar da take sayen tikiti. Ƙanena Habibu, rayuwa tana shiga, sai dai sau da yawa ba ta fuskar da masu sharhi suke faɗa ba.

Misalin Tchaikovsky da ka kawo shi ne ya fi dacewa. Ya yi aure a watan Yuli na 1877, auren bai yi ƙarko ba ko kaɗan, har ya kai ga rashin lafiya ya bar Rasha. A farkon 1878 yana zaune a Clarens, bakin tafkin Janiba a Suwizalan, sai tsohon ɗalibinsa Iosif Kotek, wanda ƙwararren mai goge ne, ya kawo masa ziyara da takardun kiɗa a jakarsa, ciki har da wani aiki na Lalo Bafaranshe. Suka kaɗa shi tare, abin ya kama ran Tchaikovsky, cikin kusan wata guda ya gama nasa konceton, yana rubutawa Kotek yana gwadawa yana gaya masa inda yatsa zai kai da inda ba zai kai ba. Wanda ya saurara da kunnen basira zai ji cewa ba kukan mai mutuwar aure ba ne. Kiɗa ne na mutumin da ya fara murmurewa, kashin farko ma cike yake da annashuwa. Rashancin yana kashin ƙarshe ne, inda ya ɗauko rawar ƙauye mai buga ƙafa, kuma ita ce ta jawo masa zagi. Leopold Auer, wanda aka so ya fara kaɗa shi, ya janye jiki, sai a Disamba 1881 Adolph Brodsky ya kaɗa shi a Biyana, inda babban mai sharhi Eduard Hanslick ya rubuta cewa kiɗan yana wari a kunne. Abin da ya ji kamar warin barasa a kasuwar ƙauye shi ne yau ake sayarwa da sunan ruhin Rasha.

Sibelius kuwa labarinsa ya fi sanyin Finlan ban tausayi. Burinsa na ƙuruciya shi ne ya zama shahararren mai goge, amma bai kama sana'ar ba sai da ya kai wajen shekara 14 ko 15, wanda a wannan fage latti ne ƙwarai. A 1891 ya je gwaji a babbar ƙungiyar makaɗa ta Biyana, ba a ɗauke shi ba. Konceto ɗaya tak ya rubuta a duk rayuwarsa, kuma na goge ne, ya cika shi da wahalhalun da shi kansa hannunsa bai taɓa iya su ba. An fara kaɗa shi a Helsinki a 1904 cikin gaggawa, lokacin bashi da shaye-shaye sun dame shi, makaɗin da aka samu kuma abin ya fi ƙarfinsa, taron bai yi armashi ba. Ya janye shi ya gyara, aka sake fito da shi a Balin a 1905, Richard Strauss yana jagorantar ƙungiya. Akwai wurin da aka saba barin mai goge shi kaɗai ya nuna bajinta, wanda a al'ada ake ajiyewa kusa da ƙarshen kashin farko. Sibelius ya ɗauke shi ya dasa a tsakiya, ya mayar da shi ginshiƙin kashin gaba ɗaya. Ni a wajena wannan aikin wanda ya so ya tsaya a gaban dandali ne bai samu ba, kuma ana iya nuna shi a takarda, ba sai an yi ta zancen ƙanƙara ba. Ko batun ƙasar ma, harshen da ya tashi da shi a gida na Suwidin ne, Finlan kuma tana ƙarƙashin sarkin Rasha har 1917.

Inda kuwa ba na jin Baba Malam zai musa mini shi ne Shostakovich. Yana tsakiyar rubuta konceton gogensa na farko a watan Fabrairu na 1948 jam'iyyar Kwaminis mai mulkin Tarayyar Sobiyet ta fito da sanarwar da ta la'anci kiɗansa da na su Prokofiev, cewa ya kauce wa talakawa, har ya rasa aikinsa na koyarwa. Ya ƙarasa konceton, ya saka shi a aljihun tebur. A ciki akwai karin rawar Yahudawa, a daidai lokacin da hukuma ta fara farautarsu, akwai kuma sautuka huɗu da suke wakiltar haruffan sunansa a tsarin rubutun kiɗa na Jamusawa. Shugaban ƙasar, Stalin, ya mutu a 1953, amma sai a Oktoba 1955 David Oistrakh ya kaɗa shi a Leningrad. Bayan kashi na uku akwai dogon wuri da mai goge yake shi kaɗai na mintuna da dama, yana hawa yana ƙara zafi, har Oistrakh ya roƙi a ba ƙungiya farkon kashin ƙarshe don ya samu ya share gumi, Shostakovich kuma ya amince ya gyara. Shekara bakwai da kiɗan ya yi a ɓoye ba sharhin kowa ba ne.

Abdulkarim, Injamena

Gaisuwa ga Malam Isiyaku da Yaya Rakiya. Ni ɓangaren ƙasa zan taɓa, domin a nan ne aka fi yaudarar mai sauraro. Sau da yawa kiɗan goge da yake ɗauke da sunan wata ƙasa ba 'yan ƙasar ne suka tsara shi ba. Aikin Lalo ɗin nan da Yaya ta ambata sunan Sifen yake ɗauke da shi, amma a Faransa aka rubuta shi a 1874 domin mai goge Sarasate, ɗan garin Pamplona na Sifen. Shi kuma Sarasate, aikinsa da ya fi shahara, na 1878, kwaikwayon kiɗan makaɗan ƙabilar Roma (waɗanda ake kira Jipsi) na Hangari ne. Max Bruch Bajamushe ya tsara nasa na Sikotlan a 1880 daga karin waƙoƙin da ya samo a littattafai. Brahms ɗan Hambug ne, amma yana saurayi ya haɗu da 'yan gudun hijirar Hangari da suka biyo ta garinsu bayan an murƙushe tawayen 1848 zuwa 1849, ya yi yawon kiɗa da ɗayansu, Reményi, a 1853, ta hanyarsa kuma ya san shahararren mai goge Joseph Joachim. Da ya tashi rubuta konceton gogensa a 1878 domin Joachim, wanda haifaffen masarautar Hangari ne, sai ya rufe shi da rawa irin ta can. Wannan kyauta ce ga aboki, kuma kasuwa ma tana so.

Mutumin da ya ɗauki maganar ƙasa da gaske shi ne Bartók ɗan Hangari, kuma abin da ya gano ya rikita masu kishin ƙasar tasa. Daga 1906 shi da Kodály suka riƙa shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya ta Edison, mai ƙaho da gwangwanayen kakin zuma, suna sa manoma da tsofaffin mata su rera a bakin ƙahon, su dawo gida su yi ta maimaita gwangwanin suna rubuta kowane lanƙwasa na murya. Sai ya tarar cewa abin da duniya take kira kiɗan Hangari, wanda su Brahms da Liszt suka yaɗa, kiɗan gidajen shan gahawa ne na birni. Na ƙauye daban yake, ya fi tsufa, tsohon cikinsa sautuka biyar yake tafiya a kai, kuma ba ya tsayawa a kan iyaka, domin ya tattara na Romaniyawa da na Sulobakiyawa dubbai, har wasu 'yan ƙasarsa suka zarge shi da rashin kishi. Garin da aka haife shi ma yarjejeniyar 1920 ta mayar da shi cikin Romaniya. Bai tsaya a Turai ba: a 1913 ya je Biskra a Aljeriya ya ɗauki kiɗan Larabawan karkara, a 1932 ya halarci babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira, a 1936 kuma ya shiga ƙauyukan Turkiyya.

A wajensa ne za ka iya sa yatsa ka ce ga al'ada ta shiga hannun mai goge. Ayyukansa biyu na 1928 an gina su ne a kan karin da ya ɗauko daga masu gogen ƙauyukan Transilbaniya, da kaushinsu da yadda suke dirka izga. A konceto na biyu, wanda aka fara kaɗawa a Amsadam a 1939, da kuma aikin goge shi kaɗai da ya rubuta wa Yehudi Menuhin a 1944 yana gudun hijira a Amurka cikin ciwon da ya zama ajalinsa, ya sa sautukan da suke faɗowa tsakanin sauti biyu na fiyano, waɗanda kunnen makarantar Turai yake ɗauka kuskure ne.

Mu a Cadi waɗannan sautuka ba baƙinmu ba ne, saboda kiɗan Sudan da na Masar da muka tashi muna ji. A wani biki a Abeshe na zauna kusa da wani mai goge ɗan Sudan, gogen nasa kuma irin na Turawa ne sak. Kafin a fara sai da ya sassauta tsirkiyoyin sama, ya goga wa izga ƙaro, kuma da ya fara ban ga yana ɗaga yatsa daga sauti zuwa sauti ba, zamewa yake yi a kan tsirkiya yana bin muryar mawaƙi a baya kaɗan, yana ƙarasa masa baiti idan ya tsaya numfashi. Katakon da tsirkiyar duk ɗaya ne da na Biyana, amma babu wanda zai ji ya ce Bature ne. Haka mutanen kudancin Indiya suka karɓe shi suna kaɗawa a zaune a ƙasa, haka kuma ɗalibai biyu a Shanghai suka tsara konceto a 1959 inda yake kwaikwayon gogen Sinawa mai tsirkiya biyu. Saboda haka idan ana neman ƙasa a cikin kiɗan goge, ni ina ganin a fara duba yatsa da izga, wato makarantar da ta horar da makaɗin, kafin a duba takardar haihuwar wanda ya rubuta.

Habibu, Garwa

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya, Baba Malam. Duk sunayen da aka jero babu baƙar fata ko ɗaya. Shin akwai 'yan asalin Afirka da suka shiga wannan fage a wancan zamani, kuma idan akwai, asalin nasu ya fito a kiɗansu ko kuwa?

Malam Isiyaku, Ngaundare

Akwai su, ɗana, kuma amsar ba ɗaya ba ce a kansu. Amma bari in fara da 'yata Rakiya: na sallama miki Shostakovich, sai dai ki lura cewa jam'iyyar nan ita ce ubangidansa, ita take ba shi gida da albashi, ita kuma ta hana. Ba mu yi nisa da Weimar ba.

Na farko shi ne Joseph Bologne, wanda aka fi sani da Saint-Georges. An haife shi a tsibirin Gwadaluf a 1745, mahaifinsa Bafaranshe mai gonakin rake, mahaifiyarsa Nanon baiwa ce 'yar asalin Afirka. An kai shi Faransa yana yaro, ya fara yin suna a wasan takobi, sannan a goge, har a 1773 ya zama jagoran ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin makaɗa na Faris. Ya rubuta konceton goge fiye da goma domin hannunsa, kuma ƙungiyar da ya jagoranta daga baya ita ce ta sa Haydn ya tsara manyan ayyukansa shida da ake jingina wa Faris. Ka saurare shi, ba za ka ji Afirka ko Gwadaluf ba, kiɗan manyan zaurukan Faris ne tsantsa, mai ladabi da ƙyalƙyali, yatsa yana hawa can ƙololuwar tsirkiya. Asalinsa ya fito ne a wani wuri dabam. A 1776 an yi maganar ba shi shugabancin gidan Opera na Faris, wato gidan wasan kwaikwayo na waƙa, sai wasu manyan mata na gidan suka kai ƙorafi ga sarauniya cewa mutuncinsu ba zai bar su su karɓi umarni daga ruwa-biyu ba, ya janye sunansa. A lokacin juyin juya hali ya jagoranci rundunar sojoji da ta ƙunshi baƙaƙe da yawa, aka tsare shi a kurkuku, ya rasu a 1799, kiɗansa kuma ya daɗe a kwance ba mai taɓawa.

Na biyu George Bridgetower, wanda mahaifinsa baƙar fata ne mai hidima a gidan sarautar Esterházy. Shi ne Beethoven ya rubuta wa babbar sonatarsa ta goge da fiyano, suka kaɗa ta tare a Biyana a watan Mayu na 1803 tawada ba ta gama bushewa ba, har wani kashi sai da Bridgetower ya riƙa leƙa takardar da take gaban Beethoven. Daga baya suka ɓata, an ce a kan wata magana da ya yi game da wata mace, Beethoven ya cire sunansa ya sa na Rodolphe Kreutzer na Faris, wanda bai taɓa kaɗa ta a bainar jama'a ba. Har yau da sunan Kreutzer ake kiranta, alhali girman wahalarta an yanka shi ne daidai hannun Bridgetower.

Na uku ne kaɗai ya nemi asalinsa da gangan, wato Samuel Coleridge-Taylor, haifaffen Landan a 1875. Mahaifinsa likita ne ɗan Saliyo wanda ya koma Afirka kafin a haife shi, don haka a hannun dangin uwa Turawa ya tashi, da goge kuma ya fara. Afirkar da ya sa a kiɗansa ya koye ta ne daga littattafai da kuma mawaƙan baƙaƙen Amurka da suka zo Ingila. A 1904 ya fitar da raye-rayen Afirka huɗu na goge da fiyano, a 1905 kuma ya tattara karin waƙoƙin baƙar fata 24, yana mai cewa yana so ya yi musu abin da Brahms ya yi wa na Hangari da Dvořák ya yi wa na Bohimiya. Ka ga ko hanyar komawa gida ma a wajen su Brahms ya aro ta. Konceton gogensa ya rubuta shi ne domin Maud Powell Ba'amurkiya, ta kaɗa shi a Amurka a watan Yuni na 1912, shi kuma ya rasu a watan Satumba na shekarar yana da shekara 37, ciwon huhu ya kama shi a kan gajiyar aiki. Aikinsa da ya fi kawo kuɗi ya riga ya sayar wa kamfanin ɗab'i tun yana matashi a kan kuɗi gini 15 kacal, wato fam 15 da 'yan kai, don haka iyalinsa ba su gaji ribarsa ba, sai da Sarki George na Biyar ya yanka wa matarsa fansho na fam 100 a shekara.